Inshorar Karen Glenys

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Glenys ta baza takardun kamfanin inshora a kan teburin cin abinci, dole na sha shayina a tsaye. Shekara arba'in da ɗoriya da aurenmu, ban taɓa ganin ta zauna ta karanta ƙananan rubutun ƙasan takarda ba. Ko na gidan nan ni na karanta, ita sa hannu kawai ta yi. Amma yau tabarau biyu ta ɗauko, ɗaya a hanci ɗaya a ka, duk saboda Nugget. Nugget kare ne. Na rubuta haka don kada wani ya tsinci littafin nan ya ɗauka jikanmu ne.

Ta ce inshorar hawa uku ce. Ta ƙasa, idan mota ta buge shi ko maciji ya sare shi. Ta tsakiya ta haɗa da rashin lafiya. Ta ƙoli kuwa har da haƙora, da allurar shekara, da kuɗin wanda zai riƙe shi idan mai shi ya kwanta asibiti. Da ta zo kan wannan ta yi saurin wucewa, ni ma na juya ina kallon taga.

Na ce kare ne ɗan shekara huɗu, ya fi ni lafiya, ta ƙasa ta ishe shi. Ta ce ta ƙoli take so. Na tuna mata haƙorina na baya, wanda na yi wata da watanni ina tauna da ɓari guda saboda tsadar likita, ba wanda ya baza mini takarda. Ta ce, "Kai kana da baki, Lyall. Ba ka dai amfani da shi ne."

Shi kuwa yana kwance a kan ƙafarta, ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya mayar.

Ba kishi nake ba. Maganar hankali ce.

Talata, 7 ga Oktoba, da la'asar

An ƙona rake a hayin kogi, toka ta sauka a kan shanyar da na yi. Rayuwata kaf motar rake na ja zuwa kamfanin sukari, ban taɓa jin haushin tokar nan ba sai yau.

Ina kwashe kayan na ji ta a baranda tana waya da Kelvin, likitan dabbobin garin nan. Tare suka yi makaranta a Grafton. Matarsa ta rasu bara waccan, kuma har yanzu gashin kansa a cike yake, ban san me yake shafawa ba. Wai shawara take nema a kan inshora. Shawarar da ta kai shayina ya huce, na sake wani shi ma ya huce. Sai na ji ta yi dariya, irin wadda take jefa kai baya. Rabon da in ji wannan dariyar tun ranar da likitanta ya ce mu shigo mu biyu, ya tura ƙofa ya rufe.

Na yi ta gwadawa. Na ba ta labarai, na yi mata kwaikwayon tafiyar abokina Athol, murmushi kawai take yi irin na ban haƙuri. Shi Kelvin daga waya ɗaya ya samu.

Kelvin ya ce ta ƙoli. Me zai ce dama? Aljihunsa kuɗin za su.

Laraba, 8 ga Oktoba, da tsakar rana

Ta dafa wa Nugget kaza da shinkafa. Ni burodi da ƙwai, da hannuna.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da yamma

Mun je wurin likitanta, mun dawo. An sa ranar da za a yi mata aiki, Laraba mai zuwa, a Brisbane. Ba zan rubuta sunan abin ba. Likita ya faɗe shi, Glenys ta maimaita shi kamar tana koyon sunan baƙo, wannan ya isa.

A mota na ɗauka za mu yi maganar. Na ma rage gudu. Sai ta ce mini lokacin kaska ya kama, kada in manta da ƙwayar da ake ba Nugget duk wata, don kaskar yankin nan idan ta kama kare shanye masa jiki take yi. Na ce ai tare za mu tafi, a kai shi gidan ajiyar karnuka. Ta ce a'a, ta riga ta gama magana da Kirrily. 'Yarmu ce ke zaune a Brisbane, ita za ta zo ta ɗauke ta, ita za ta yi jinya. Ni in zauna a gida, don Nugget ba ya cin abinci a baƙon wuri.

Wato an raba aiki. Kirrily ta samu uwarta, ni na samu gadin kare.

Itatuwan jakaranda sun fara fure a bakin titi, ta ce in duba. Na duba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

Na fita da ƙaramin jirgina kamun kifi, ni da Athol. Tun muna samari muke tare, bakinsa bai taɓa hutawa ba. Na yi kuskuren gaya masa zancen inshora, ya yi dariya har ƙugiyarsa ta maƙale a rigarsa. Ya ce in roƙi Glenys ta sa ni a takardar a matsayin kare na biyu, ko na samu a gyara mini haƙori. Ya ce shi tuntuni ya lura, a gidanmu mai wutsiya shi ne maigida, ni ɗan haya ne.

Da ya gama, ya tambaye ni jikin Glenys. Na ce da sauƙi. Ya ce, "To, mutumina." Ba mu kama komai ba sai ɗaya ƙarami, muka mayar da shi ruwa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da la'asar

Ta haɗa jakarta. Ƙarama ce, ban so ganin ƙanƙantarta ba, ban kuma san ko babba zan fi so ba.

Ta ce gajiya ta hana ta kiran kamfanin, in kira su da kaina in an buɗe. Ta ƙoli, ta maimaita, har da ɗaga mini yatsa. Na ce na ji.

Daga nan ta fita baranda ta zauna a ƙasa, ita da gwiwarta ba ta son ƙasa, ta rungume kan Nugget tana yi masa raɗa a kunne. Ta daɗe. Ina tsaye a kicin ina wanke kofi ɗaya, na wanke na sake wankewa. Duk abin da ya kamata in ji, shi ya ji. Shi da ba zai iya maimaitawa ba. Wataƙila dalilin ke nan.

Ba kishi nake ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, da safe

Kirrily ta zo ta ɗauke ta. Shi Nugget, Glenys ta sumbace shi a goshi. Ni ta dafa kumatuna ta ce kada in manta da ƙwaya. Mun tsaya a bakin ƙyaure ni da shi har motar ta sha kwana. Ni na shigo, shi bai shigo ba.

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Na kira kamfanin. Wata yarinya mai fara'a ta ɗauka, ta tambayi sunan karen da shekarunsa da nauyinsa, har da cewa sunan ya burge ta. Ta karanto mini hawa ukun. Ina sauraro ina kallonsa ta taga, ya kwanta ya sa hanci a ƙarƙashin ƙyaure.

Na ce ta ƙasa.

Ta ce na tabbata? A yankinmu yawanci ta tsakiya ake ɗauka saboda kaska, ta ƙasa ba ruwanta da ita. Na ce na tabbata. Muryata ta fita da ƙarfi, kamar yarinyar ce ta yi mini wani abu.

Na ji daɗi na ɗan lokaci, iyakar shan kofin shayi. Ai ban hana shi komai ba. Idan maciji ya sare shi an biya.

Laraba, 15 ga Oktoba, da sassafe

Yau ne.

Laraba, da yamma

Kirrily ta kira. An fito da ita. Ta ce, "Baba, sun cire abin da suka iya cirewa." Ban tambaye ta abin da ba su iya ba. Na tambaya ko ta farka, ko ta yi magana. Kirrily ta ce ta tambaya ko Nugget ya ci abinci.

Na ce ta gaya mata ya ci. Bai ci ba. Ni ma ban ci ba, amma ba a tambaya ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da tsakar rana

Har yanzu ruwa kawai yake sha. Na dafa kaza da shinkafa kamar yadda take yi, ya shinshina ya kau da kai, sai ka ce guba na zuba. Na cusa ƙwayar kaska cikin guntun cuku na tura masa a baki. Ya yi kamar ya haɗiye. Da na zo shara na tsince ta a gindin tabarmar ƙofa, duk yawu ya narkar da ita. Na ce masa ruwansa, na share na zubar. Ita ce ta ƙarshe a kwalin. Zan sayo wata in na shiga gari.

Asabar, 18 ga Oktoba, da la'asar

Kelvin ya zo gidana. Wai wucewa yake yi. Titinmu ba ya ɓullewa ko'ina, iyakarsa kogi.

Karen da ya yi kwanaki yana kallona kamar ɓarawo, yana jin ƙarar motar ya miƙe yana kaɗa wutsiya har da ƙugu. Kelvin ya tsuguna, ya ɗebi kazar nan dai da na dafa, ya miƙa masa a tafin hannu. Ya cinye tas, ya lashe yatsun. Kazata, shinkafata, kwanona.

Ya ce Glenys ce ta turo masa saƙo daga gadon asibiti ya leƙo. Ni tun ranar aikin muryarta sau ɗaya na ji, shi ma Kirrily ce ta kara mata wayar.

Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce kada in sa damuwar kare a raina, ya riga ya yi wa Glenys alkawari, idan abubuwa suka juya yadda ba a so, shi zai ɗauki Nugget. Ya ga fuskata, sai ya gane ban sani ba. Ya fara kame-kame. Na ce masa ya kula da ramin bakin ƙyaure in zai juya mota.

Wato ta zauna ta yi tunanin bayanta, ta tsara, ta zaɓi mutum. Kuma ba ni ba ne. Ba wai ina son karen ba. Amma a tambaye ni mana, in ƙi da bakina.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da yamma

Na bar Nugget wurin Athol na tuƙa zuwa Brisbane. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi mata a kan Kelvin, har da amsar amsarta. Na shiga ɗakin na tarar gadon ya yi mata yawa. Leɓenta ya bushe. Na jiƙa auduga na goga mata, maganar ta tsaya a inda take.

Ta tambaya ko na kira kamfanin. Na ce na kira. Ai na kira.

Ta riƙe hannuna ta yi barci. Na zauna ban motsa ba har hannun ya mutu. Wannan dai nawa ne, ba wanda ya samu.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

An sallame ta zuwa gidan Kirrily. Za ta zauna can tukuna, akwai wasu likitocin da za ta gani.

Nugget ya ci kifi daga hannuna. Kaɗan. Ya kuma duba ko'ina kafin ya karɓa, kamar kada a gan shi.

Asabar, 25 ga Oktoba, da la'asar

Na gaji da kallonsa a bakin ƙyaure, na ce ya shiga mota. Na kai shi jirgi. Ashe ɗan ruwa ne. Ya tsaya a goshin jirgin kunnuwa na kaɗawa, yana yi wa tsuntsayen bakin gaɓa haushi ɗaya bayan ɗaya. Muka sauka a wani tsibiri mai duhuwar ciyawa, ya shige ya yi ta tsalle, ban ganin komai sai wutsiya. Na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai.

A hanyar dawowa ya ɗora haɓarsa a cinyata. Nauyi ne da shi. Na bar shi don dai ina tuƙi.

Na ɗauki hotonsa na tura wa Glenys. Ta amso da cewa ya yi kyau. Ni ma ina cikin hoton, rabin fuskata.

Litinin, 27 ga Oktoba, da hantsi

Yanzu duk inda na sa ƙafa yana nan. Har ƙofar banɗaki. Na gaya masa wasu abubuwa yau ina gyaran famfo. Na fahimci abin da ya sa ake gaya masa.

Laraba, 29 ga Oktoba, da tsakar rana

Ina rubutu a kujerar jira ta asibitin Kelvin.

Da safe na ji haushinsa ya canza, ya shaƙe kamar na tsohon mai shan taba. Na kira shi ya taso, ƙafafun baya suka harɗe, ya zauna daɓas yana kallona. Ya sake gwadawa ya sake faɗuwa. Na bi jikinsa da yatsu, can cikin kunne na taɓo kaska, ta ƙoshi ta yi fari-fari. A lokacin na tuna ƙwayar da ban sayo ba.

Na sungume shi, ban san bayana zai iya ba. Kelvin bai tambaye ni komai ba, ya karɓe shi ya shige. Da ya fito ya ce dafin ya fara kai wa numfashi. An yi masa allurar, za a aske shi kaf a duba ko akwai wata, za a sa masa iska. Yau da gobe za su nuna.

Matar da ke teburin karɓar kuɗi ta tambayi inshora. Na ba ta lambar. Ta duba, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da idonta ƙasa.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da safe

Bai fi jiya ba, bai kuma fi jiya muni ba. An bar ni na leƙa. Ba gashi ko ɗaya, fatarsa ja-ja, ya zama kamar wani ɗan maraƙi. Da ya ji muryata wutsiyar ta motsa sau ɗaya. Kelvin yana tsaye a wurin tun ɗazu, ba ta motsa masa ba. Na lura. Allah ya yafe mini, ko a nan sai da na lura.

Kelvin ya ja ni gefe. Ya ce ko ta ƙolin na ɗauka ba za su biya wannan ba, don sabuwar inshora sai ta yi kwanakin jira kafin ta fara ɗaukar ciwo, kuma ba su cika ba. Don ya sanyaya mini rai ya faɗa. Bai sanyaya ba. Na gaya masa zancen ƙwayar. Ya ce shi ba zai kira Glenys ba, wannan wayar tawa ce.

Ya kuma ce batun kuɗi kada ya dame ni, zai yafe rabonsa saboda Glenys. Na ce masa a rubuta komai cif. Ba zan sa a yi wa karen gidana sadaka saboda matata ba.

Alhamis, da la'asar

Na kira ta. Na faɗi komai a jere ban tsaya ba, kaska, ƙwaya, tsibiri, da inshorar ƙasa. Na jira faɗa. Da ta yi faɗan da ya fi sauƙi.

Ta tambayi numfashinsa, na gaya mata. Sai ta ce, "Ka san me ya sa na nace wa ta ƙoli? Don na san ka ne. Wata rana likita zai tsayar da kai ya ce ga abin da za a kashe, ko kuwa a yi masa allurar barci ya huta. Za ka tsaya kai kaɗai kana aunawa, kuma duk wanda ka zaɓa sai ya ci ka. Ban so a sa ka zaɓa alhali ba na kusa."

Na ce to Kelvin fa.

Ta ce, "Ban so in bar maka abin da ba ka so. Shekara huɗu ina jira ka ce in bar maka shi."

Maganar tana bakina. Gajeriya ce. Amma idan na ce ta bar mini shi, na yarda ke nan akwai ranar bari. Na ce, "Ba wanda za a bar wa kowa. Ki dawo ki riƙe karenki."

Na ji ta ja numfashi. Ta ce, "Ka ga irinta ko, tsoho." Ba ta kashe wayar ba, ni ma ban kashe ba. Muka zauna haka, ina jin ƙarar talabijin ɗin Kirrily daga can.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da hantsi

Ya haɗiyi ruwa bai ƙware ba. Kelvin ya ce an haye.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma

Na sayar wa Athol jirgina. Ya daɗe yana yaba injin. Bai yi ciniki ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ya ce amma da sharaɗi, jirgin zai zauna inda yake don matarsa ba za ta yarda da shi a tsakar gida ba, kuma ni zan riƙa tuƙa shi, shi yanzu mai jirgi ne, ba ya taɓa igiya. Ya ce in gaida maigida in na je asibiti.

Na kai wa matar tebur abin da aka rubuta. Da Kelvin ya fito na gaya masa na gode, da gaske nake kuma. Sannan na ce alkawarin nan da ya yi wa Glenys, ya sauke shi, ba a buƙata. Ko me ya faru, Nugget yana da gida. Ban iya faɗa mata ba, amma shi na faɗa masa, har da kallon cikin ido. Ya miƙo hannu. Hannunsa laushi, kamar yadda na zata.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da tsakar rana

Na dawo da shi gida. An ce kada ya yi gudu, kada ya sha zafi, abinci kaɗan-kaɗan mai ruwa. Na shimfiɗa masa a gindin fanka. Sanyi yake ji saboda askin, na sa masa tsohuwar rigata.

Na sake kiran kamfanin. Wani saurayi ne wannan karon. Na ce a mayar da ita ta ƙoli. Ya ce za a fara kwanakin jira daga farko, kuma duk abin da ya biyo bayan wannan kaskar ba za su ɗauka ba. Na ce na sani. Ya tambaya wa za a rubuta a matsayin mai kare. Na ce Glenys. Ya ce akwai wurin mutum na biyu. Na ce ya sa Lyall, na kuma karanto masa harafin ɗaya-ɗaya don kada ya ɓata.

Na sayo ƙwayar, kwali biyu. Na tsaya a kansa har na ga maƙogwaronsa ya motsa, na kuma buɗe bakin na duba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da safe

Za ta dawo jibi. Na ɗan lokaci ne, za ta koma a fara mata ɗaya maganin. Wannan karon da ni za a tafi, mun gama magana, Athol ya ce zai zauna da maigida. Na wanke labule. Ban san ana wanke su ba sai da Kirrily ta faɗa.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Ta dawo.

Kirrily ta buɗe mata ƙofar mota ta riƙe ta. Ta rame, amma tsaye take da ƙafarta. Na riƙe wuyan Nugget don kada ya yi gudu, jikinsa na ta rawa a hannuna, yana wani ƙaramin kuka. Da ta zauna a kujerar baranda na sake shi. Ya tafi yana tangaɗi cikin rigata, ya tura kansa a cikinta, daidai wurin ɗinkin, ta ce wash amma ba ta ture shi ba. Ta yi kuka ta yi dariya, tana shafa fatar nan mai ƙaiƙayi tana cewa wa ya yi masa wannan wulaƙancin. Na tsaya gefe da jakarta a hannu. Na ji tsohon abin nan ya taso mini, sai dai na kasa gane wa nake yi wa, ita ko shi.

Na shiga kicin in ɗora ruwan shayi. Ban kai ga kunna wuta ba na ji ƙarar farata a kan katako. Ya biyo ni. Ya kwanta a kan ƙafata ya sauke ajiyar zuciya.

Glenys ta kira shi daga baranda. Ya ɗaga kunne, ya kaɗa wutsiya, bai tashi ba. Ta sake kira, da muryar nan da take ajiye masa shi kaɗai. Ya dube ni.

Da na fito da shayin yana bin bayana, na same ta ta tsuke baki, ta naɗe hannu, tana kallonmu daga sama har ƙasa. Na san wannan fuskar, na sha ganinta a madubi. Ta ce, "Me ka ba shi?"

Na ce kifi.

Ta ce ita shekara huɗu tana dafa kaza. Ta karɓi kofin ba godiya, ta matsa gefe a kan kujerar ta bar wuri. Ban san wa ta bar wa ba, na riga shi zama.